Haihuwar 'Ya'ya Mata Ba Laifin Uwa Ba Ne

A ƙauyukanmu na Jigawa, daga Ringim har Gumel, mace na jera 'ya'ya mata uku sai gori ya tashi. Uwar miji ta ce mahaifarta ba ta ɗaukar namiji, dangi su shiga zuga miji ya ƙaro aure. Wannan zalunci ne, yana kuma ƙona mini rai.

Ɗan'adam yana da ƙwayoyin gado 46 da ake kira kuromosom, rabi daga uwa, rabi daga uba. Biyu daga cikinsu ke tantance jinsi, kuma iri biyu ne, ana kiransu X da Y. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, maniyyin namiji kuwa wani X ne, wani Y. In mai Y ya shiga ƙwan a haifi namiji, in mai X ne a haifi mace. Tun 1905 wata masaniya 'yar Amurka, Nettie Stevens, ta gano wannan tsari a jikin ƙwari.

Shi ma mijin ba zaɓa yake yi ba. Suratus Shura, aya ta 49, ta ce Allah ke ba wanda Ya so 'ya'ya mata, Ya ba wanda Ya so maza.

Kuɗin da ake kai wa masu magani don su juya ciki ya koma namiji kuwa asara ne, domin jinsin ya tabbata tun ranar da cikin ya shiga.