Dokar tabarau a wasan eyasof: me alamar F da B ke nufi, kuma ina dokar ƙasa ta shigo?

Maganganu biyu ke yawo tsakanin samarin Katsina da suka fara sha'awar eyasof, wato wasan harbin juna da bindiga mai tofa ƙwayar roba. Ta farko, wai tabarau mai rufe ido ruf da ake sawa a wasan kayan soja ne, wanda duk aka gani da shi zai kwana hannun 'yan sanda. Ta biyu, wai tunda ƙwayar ta roba ce kowane gilashi ya wadatar, ko da baƙin tabarau ne irin wanda ake talla a bakin tasha. Ta farkon ta sa samari na tsoron sayen abin da zai tsare musu ido. Ta biyun ta sa suna sayen abin da zai tarwatse a cikin idon.

Batun kamun ba shi da tushe. Tabarau na kariya kayan aiki ne, ɗan'uwan wanda mai yankan ƙarfe da mai feshin gona ke sawa, kuma ba a neman lasisinsa. Ruɗanin ya samo asali ne daga tabarau mai gani da dare, wanda yake cikin kayan tsaron da ba a shigo da su sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Suna ne kawai ya haɗa su. Abin da farar hula zai kiyaye shi ne kakin soja mai dabbare-dabbare, wanda wasu ke sha'awar sawa don wasan ya yi armashi.

Ita dokar "ba tabarau, ba shiga fili" ba majalisa ce ta yi ta ba. Ƙa'idar wasan ce, kuma haka take a duk filin da ya san abin da yake yi, daga Japan inda wasan ya samo asali har Ingila da Amurka. Ta shafi mai wasa, alƙalin wasa, mai ɗaukar hoto, har da wanda ya shigo kawo ruwa. A filaye da yawa sharuɗɗanta uku ne: tabarau ya manne da fuska ta kowane ɓangare ba tare da kafa ba, ya kasance da maɗauri da ke zagaya ƙeya, kuma yana ɗauke da alamar gwajin jure duka. Sharaɗi na ukun nan ne ke rikita mutane, don haka a nan za mu daɗe.

Ƙwayar eyasof faɗinta milimita 6 ne, nauyin wadda aka fi amfani da ita giram 0.20. Idan ta fita da gudun mita 100 a daƙiƙa, abin da kwalin bindiga ke rubutawa kusan ƙafa 330, ƙarfin dukanta jul 1 ne (jul shi ne ma'aunin ƙarfin duka). A ƙafa 400 ya kai kusan jul 1.5, a ƙafa 500 kuma kusan 2.3. Idan aka sa ƙwaya mai nauyin giram 0.30 ta fita da gudun mita 100 ɗin nan, dukan ya koma jul 1.5, shi ya sa filaye masu tsari suke auna jul da na'ura maimakon su tsaya ga gudu kaɗai. Dokar Birtaniya ta 2017 ta sa iyakar jul 1.3 ga bindiga mai ɓarin wuta, 2.5 ga mai harbi ɗaiɗai. Riƙe waɗannan lambobi, sannan ka dubi jikin tabarau.

Ma'aunin Turai shi ne EN 166. Ana harba wa tabarau ƙwallon ƙarfe mai milimita 6 da nauyin giram 0.86. Wanda ya jure gudun mita 45 a daƙiƙa ana buga masa harafin F, kuma wannan bai kai jul 1 ba, 0.87 ne. Wanda ya jure mita 120 ana ba shi B, kusan jul 6. Harafin A na mita 190 ne, kuma garkuwar fuska kaɗai ke samunsa. Ma'anarta ita ce tabarau mai F, komai kyansa, an gwada shi ne da dukan da bai kai na bindigar eyasof ta yau da kullum ba. Mai shago zai ce maka "ai ga hatimin Turai nan", kuma bai yi ƙarya ba, sai dai hatimin na wani aikin ne daban. B kake nema. In ka ga BT ya fi, domin T na nufin an gwada shi bayan ya sha zafin digiri 55 da sanyin 5 ƙasa da sifili, abin da ke da amfani ga wanda zai yi wasa a ranar Afrilu ta Katsina. Sabon ma'aunin da ke maye gurbinsa, ISO 16321, ya canja haruffan: C ita ce mita 45, D mita 80, E kuma mita 120.

Na Amurka shi ne ANSI Z87.1, kuma a nan alamar tarawa ce ke raba gardama. Z87 tsurarsa bai ci gwajin duka mai gudu ba. Z87+ ne ya ci. Amma ko shi akwai lauje cikin naɗi: tabarau mai hannuwa irin na karatu ana gwada shi da gudun ƙafa 150, kusan jul 1.1, yayin da mai maɗauri da ke rufe ido ake gwada shi da ƙafa 250, kusan jul 3. Alama iri ɗaya, ƙarfi ba ɗaya ba. Wanda ya samu mai ɗauke da ASTM F2879 ya huta, don wannan ma'aunin na eyasof ne takanas. ASTM F1776 na wasan harbi da ƙwallon fenti ne, shi ma filaye suna karɓarsa.

In ka shiga shago, kada ka tsaya ga kwali. Ka ce, "Alhaji, a ba ni in duba jikinsa." Juya shi wajen haske. Alamar gaskiya tana zane a kusurwar gilashin, tana kuma jikin firam ɗin, domin ana gwada su tare, kuma idan haruffan biyu suka bambanta mafi rauninsu ne ke aiki. Takardar da aka liƙa wadda farce ke iya ɓamɓarewa ba shaida ba ce. Daga nan ka saka shi, ka ɗaure, ka bi gefensa da ɗan yatsa: gefen hanci, ƙasan kunci, wajen kunne. Duk inda fensir zai shiga, ƙwaya za ta shiga, kuma sau da yawa ba ta gaba take zuwa ba, bango take duka ta dawo ta gefe. Mai sa tabarau na likita ya nemi mai faɗin da ke hawa kan nasa, ko mai ɗan firam a ciki. Na likitan shi kaɗai haɗari ne, in ya fashe ɓarɓashinsa ne zai yi ɓarnar.

Mai ragar ƙarfe yana jan hankalin mutane saboda ba ya yin hazo, amma ƙwaya mai araha tana tarwatsewa in ta bugi ragar, gutsattsarinta su wuce. Filaye da yawa sun hana shi, kuma sun yi daidai. Raga a baki da haƙora take da amfani. Maganin hazo shi ne gilashi mai ruɓi biyu, ko mai harafin N na ma'aunin Turai, da kafofin iska masu soso. Cire soson don iska ta shiga buɗe wa ƙwaya ƙofa ne.

Gilashin na folikabonet ne, wata roba mai ƙarfi, kuma yana da makiya. Fetur, tina da maganin goge fentin farce suna cin ƙarfinsa ko da ido bai ga tsaga ba. Ƙurar hunturu kuwa yashi ce, in ka goge da gefen riga ka karce shi. A zuba ruwa tukuna, a wanke da sabulu kaɗan, a shanya a inuwa. Kada a bar shi gaban gilashin mota. Wanda ya sha harbi daga kusa har ya yi tabo ko tsaga, aikinsa ya ƙare.

Hukuncin fili shi ne wanda ya ɗaga tabarau ana tsakiyar wasa, alƙali zai tsayar da kowa, a fitar da shi, wani wurin ya tafi ke nan na ranar. Samari na ganin tsanani ne, tunda gumi kawai mutum ya share. Ni ban ga tsanani ba. Ƙwaya ɗaya tana iya tara jini a gaban ido, ta goce da ƙwayar gani, ta jawo yanar ido, ko ta ɓamɓare fatar gani ta baya, wani kuma hawan jinin ido ya same shi bayan shekaru. Mai sikila, har da mai AS, taruwar jinin ta fi masa haɗari, don haka ya faɗa wa likita tun da farko. In abin ya faru, ba murzawa, ba kwalli, ba nonon mace, ba asfirin. A kifa gindin kofin roba a kan idon ba tare da ya danne shi ba, a liƙe, a zaunar da shi kai a sama, a nufi sashen ido na asibiti a ranar.

Inda dokar ƙasa take da haƙori shi ne kan bindigar. Dokar Makamai ta 1959 ta jera bindigogin iska, dogo da ƙarama, cikin makaman da ba a riƙewa sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma hukuncin rashinsa na iya kai ɗaurin shekara 5. Ƙaramar bindigar iska tana cikin kayan da kwastam ta haramta shigo da su gaba ɗaya. Dokar fashi da makami ta 1984 ta lissafa bindigar iska cikin makaman cutarwa, saboda haka wanda ya tsorata wani da ita ya ƙwace waya ba zai tsira da cewa ta wasa ce ba. Dokar 1959 ta girmi eyasof, ba ta ambace shi da suna ba, ba ta kuma sa iyakar jul kamar ta Birtaniya ba. Wannan gibi ne da ke barin saurayi mai wasa a hannun fahimtar jami'in da ya tare shi, kuma ya kamata a gyara. Kafin a gyara, mai niyyar saye ya fara zuwa hedikwatar 'yan sanda ya tambaya. A jihar da ke fama da 'yan bindiga, fita bayan gari da abin da ya yi kama da AK-47 ganganci ne, domin ɗan sintiri daga nesa ba zai ga roba ba.

Su kuwa ƙananan bindigogin ƙwaya da ke cika hannun yara lokacin Sallah, a wajen kallon hawa a Katsina ko hawan Magajiya a Daura, ƙarfinsu bai kai na eyasof ba, amma daga taku biyu suna tara wa yaro jini a ido. Uban da zai saya wa ɗansa, ya haɗa da tabarau mai B daidai fuskar yaron, har da na ƙannen da za su tsaya kusa da shi. In kuɗin bai kai ba, a saya masa mai fesa ruwa.