Rana ba ta kama wata

Muna yara, duk daren da wata ya yi zazzaɓi sai mu fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanuka muna ta kaɗawa, wai rana ce ta kama wata, muna roƙon ta sake shi. Har yau ina jin yara suna faɗin haka, kuma abin yana damuna, don bayanin gaskiya ya fi daɗin ji.

Wata ba shi da hasken kansa. Hasken rana ne ke sauka a kansa, shi kuma ya maido mana. Idan duniyarmu ta shiga tsakanin rana da wata suka jeru a layi ɗaya, sai inuwar duniya ta rufe shi. Wannan shi ne husufin wata, kuma shi ya sa ba ya faruwa sai wata ya cika, wajen daren 14 ko 15. Ina ma rana za ta kamo shi? Tana nesa da mu kusan kilomita miliyan 150, shi kuwa wata kimanin kilomita 384,000 kawai.

Launin ja da wata yake yi lokacin husufi, kamar a daren 27 ga Yuli, 2018, hasken rana ne da ya ratsa iskar da ta lulluɓe duniya, jan da ke cikin hasken ya lanƙwasa ya isa gare shi.

Ku gwada wa yara a ɗaki mai duhu. A kunna tocila, a riƙe lemo a gabanta, sannan a gitta ƙwallo a tsakani, su ga lemon ya yi duhu alhali tocilar ba ta taɓa shi ba.