Ikon fassara Littafi Mai Tsarki a ɗarikun Kirista

Ikon fassara Littafi Mai Tsarki batu ne na wanda ke da hurumin yanke hukunci idan masu bi suka saɓa kan ma'anar aya. Fassara a nan tana nufin fito da ma'anar nassi, kwatankwacin abin da Musulmi ke kira tafsiri.

Tarihi

A ƙarnonin farko majalisun bishof-bishof ne ke raba gardama, kuma mafi shahara ita ce ta Nikiya a 325. Ɗarikar Otodoks ta tsaya a kan wannan tafarki, inda take riƙe da manyan majalisu bakwai, na ƙarshensu a 787, tare da koyarwar magabatan ikilisiya. Bayan rabuwar ikilisiyar Gabas (Otodoks) da ta Yamma (Katolika), wadda aka saba dangantawa da 1054 ko da yake ɓarakar ta daɗe tana ruruwa, matsayin Fafaroma ya ƙara ƙarfi a Yamma.

Martin Luther, wani limami Bajamushe, shi ne ya girgiza wannan tsari. A zaman majalisar daula da aka yi a birnin Worms na Jamus a 1521 ya ƙi janye rubuce-rubucensa sai an gamsar da shi da nassi ko hujja bayyananna, yana cewa fafaromomi da majalisu sun sha yin kuskure. Daga nan Furotesta suka riƙe cewa nassi shi ne alƙali na ƙarshe. Sai dai ba a je ko'ina ba matsalar ta sake kunno kai, domin a Marburg a 1529 Luther da Zwingli, wani jagoran Furotesta daga Suwizalan, sun kasa daidaitawa kan ma'anar "Wannan jikina ne" a Jibin Ubangiji, wato ibadar gurasa da ruwan inabi, alhali littafi ɗaya ne a gabansu. Majalisar Trent ta Katolika ta mayar wa Furotesta martani a 1546 cewa ikilisiya ce ke tantance sahihiyar ma'ana, matsayin da Majalisar Batikan ta Biyu ta jaddada a 1965, tare da ƙarin cewa masu koyarwar ikilisiya su ma suna ƙarƙashin Maganar Allah ne.

Hujjoji

Katolika na kafa hujja da Matiyu 16:18-19, inda Yesu ya ba Bitrus mabuɗan Mulkin Sama, da 2 Bitrus 1:20, wadda suke ɗauka tana hana mutum fassara annabci da ra'ayin kansa, Furotesta kuwa da mutanen Biriya waɗanda ke bincika Littattafai kullum (Ayyukan Manzanni 17:11). Kowane ɓangare yana da nasa bayanin ayoyin ɗaya ɓangaren. 'Yan Fentikos sun fi jingina ga bishewar Ruhu Mai Tsarki.

A arewacin Kamaru

'Yan mishan Luteran daga Norway sun zauna Ngaundere wajen 1925, limaman Katolika ƙarƙashin Yves Plumey kuma suka iso yankin a 1946, kowa da tsarinsa. A aikace, mai bi a ƙauyukan Garwa ko Marwa ya fi jin bayanin aya daga bakin katikis, wato malamin koyar da addini, ko mai bishara fiye da bishof ko majalisa.