Waiwaye: Tun yaushe ake sa-in-sa kan littafin The Cay?

Da wuya a tayar da maganar littattafan da ake janyewa daga makarantun Amurka ba a ambaci The Cay ba. A 2020 aka dakatar da koyar da shi a makarantun Burbank da ke jihar Kalifoniya, tare da wasu littattafai 4, bayan wasu iyaye sun koka. Mutane da dama suka ɗauka sabuwar guguwa ce ta taso, alhali a lokacin rigimar ta doshi shekara 50.

Theodore Taylor ya fitar da littafin a 1969. Labarin Phillip ne, yaro Bature ɗan shekara 11, wanda Jamusawa suka nutsar da jirgin ruwan da ya ɗauko shi daga tsibirin Curaçao da ke tekun Caribbean a 1942. Ya makance, ya tsinci kansa a wani ɗan tsibiri da Timothy, dattijo baƙar fata, irin mutanen da aka koya masa rainawa tun a gida. Timothy ya koya masa kamun kifi da saƙar tabarma, daga baya ya kare shi da jikinsa a cikin guguwa, ya rasu. Littafin ya ci kyautar Jane Addams ta littattafan yara a 1970, aka yi fim ɗinsa a 1974, suka ta yi yawa, Taylor ya mayar da kyautar. Masu sukar suka ce an yi Timothy ne don ya yi wa yaron hidima ya mutu, kuma sai da yaron ya rasa ido kafin ya ga mutuncinsa.

Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika komawa kansa ba ya faru ne shekara 4 kafin littafin ya fito.

A Satumban 1965 Nancy Larrick, malama mai nazarin karatun yara, ta buga wani bincike a mujallar Saturday Review. Ta duba littattafan yara 5,206 da kamfanoni 63 suka buga daga 1962 zuwa 1964, ta tarar 349 kacal ne ke da baƙar fata ko da mutum ɗaya a ciki. Ko kashi 7 cikin 100 bai kai ba, kuma har da waɗanda fuskar baƙar fatar ta leƙo ne kawai a zane. A ganina nan gizo ke saƙar. Da akwai likitoci da iyaye da yara masu ƙiriniya baƙaƙen fata birjik a cikin littattafan ɗakin karatu, da Timothy ya zama tsohon matuƙi guda cikin jama'a, mai karin harshen tsibirinsu. Da yake babu, sai aka ɗora masa wakilcin al'umma sukutum. Yarinya baƙar fata a aji ta buɗe littafi, mutum ɗaya tak da ya yi kama da kakanta bai iya karatu ba, kuma “maigida” yake ce wa yaro ƙarami.

A 1965 ɗin aka kafa wata ƙungiya a New York mai bibiyar yadda ake nuna launin fata a littattafan yara. Ita ce ta yi tsaye kan The Cay lokacin fim ɗin. Ita ce kuma ta riƙa shirya gasar sababbin marubuta, inda Mildred Taylor, wata marubuciya baƙar fata, ta yi nasara har aka buga littafinta na farko a 1975. Littafinta na biyu, Roll of Thunder, Hear My Cry, wanda ta gina kan labaran danginta na Mississippi, yana cikin biyar ɗin da aka dakatar a Burbank.