Ƙwaƙwalwar dama da ta hagu: yadda aka ƙara wa bincike gishiri

A wuraren lesin na Agege da Idi-Araba a Legas har yanzu ana jin malami yana cewa, "Hajiya, yaron nan ƙwaƙwalwar dama gare shi, zane ya iya, lissafi ba nasa ba ne." Uwa ta karɓa hannu bibbiyu, yaro kuma ya tashi yana ganin an rufe masa ƙofa. Abin yana damuna ƙwarai, domin maganar ba ta da tushe.

Gaskiya ne ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, kuma wasu ayyuka sun fi karkata gefe guda. Tun 1861 likitan Faransa Paul Broca ya lura cewa rauni a gefen hagu kan hana mutum magana. Masanin ƙwaƙwalwa na Amurka Roger Sperry ya samu kyautar Nobel a 1981 kan binciken masu farfaɗiya da aka yanke musu jijiyoyin da ke haɗa ɓarin biyu. Daga nan aka raba halin ɗan Adam gida biyu, wai na hagu mai lissafi, na dama mai fasaha.

A lafiyayyen mutum jijiyoyin nan suna nan, saƙo na kai da komo ba tsayawa. A 2013 masana a Jami'ar Utah ta Amurka sun duba hoton ƙwaƙwalwar mutum sama da 1,000, ba su samu waɗanda suka jingina ga ɓari ɗaya ba. Dillalin albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, mai ƙiyasta buhu da ido yana haɗa kuɗi da ka, ɓarin biyu yake amfani da su lokaci guda.