Kisan Yahudawa a Kielce a 1946: tambayoyi da amsoshi

Me ya faru a Kielce?

Ranar 4 ga Yulin 1946, fiye da shekara guda da faɗuwar Hitler, jama'ar garin Kielce a ƙasar Poland suka far wa gida mai lamba 7 a titin Planty, inda Yahudawan da suka tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi suke fakewa. Kafin yamma an kashe Yahudawa 42, wasu da harsashi, wasu da ƙarafa da duwatsu, wasu aka wurgo su daga bene. Kafin yaƙi Yahudawan garin sun haura 20,000. Waɗanda suke garin a lokacin ba su wuce kimanin 200 ba.

Me ya kunna wutar?

Ƙarya ce. Wani yaro ɗan shekara 8 ya ɓace kwana biyu, ashe ƙauye ya tafi. Da ya dawo, sai mahaifinsa ya kai shi wurin 'yan sanda da cewa Yahudawa ne suka kulle shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Gidan da aka nuna ba shi ma da irin wannan ɗaki. Amma tsohon ƙazafin nan na Turai, wai Yahudawa na satar yaran Kirista don jininsu, ya riga ya zauna a zukata. Shi ne ma ya tada tarzomar Kraków a Agustan 1945.

Ina jami'an tsaro suke?

Suna ciki, kuma wannan ne ya fi ciwo. Sojoji da 'yan sanda suka shiga gidan, suka karɓe 'yan bindigogin da mazauna ke kare kansu da su, suka buɗe wuta, suka riƙa miƙa mutane ga taron da ke waje. An harbe shugaban kwamitin Yahudawan garin, Dakta Seweryn Kahane, yana neman agaji ta waya. Da tsakar rana ma'aikatan masana'antar ƙarfe ta Ludwików suka iso, kisa ya dawo sabo.

Ina siyasa ta shigo?

Kwana huɗu kafin nan, ranar 30 ga Yuni, aka yi ƙuri'ar raba gardama wadda 'yan gurguzu masu mulki, masu samun goyon bayan Tarayyar Sobiyat, suka murɗe. Ƙasa na tafasa. Da yake akwai Yahudawa kamar Jakub Berman a manyan muƙamai, mutane da yawa suka ɗora laifin gwamnati a kan kowane Bayahude, har marayan da ya fito daga sansanin 'yan Nazi. Ga kuma batun dukiya: gidaje da shagunan Yahudawa sun koma hannun maƙwabta, dawowar mai shi kuwa barazana ce.

Gwamnati ta ce aikin 'yan adawa ne, 'yan adawa suka ce makircin gwamnati ne. Binciken da hukumar IPN, mai binciken laifukan zamanin Nazi da na gurguzu a Poland, ta yi daga baya bai samo hujjar makircin ba. A ganina wannan gardama ta ba kowa damar kauce wa tambayar da ta fi nauyi: me ya sa talakawa suka kashe maƙwabtansu?

Coci fa?

Kadinal August Hlond, shugaban cocin Katolika a Poland a lokacin, ya danganta abin da kasancewar Yahudawa a gwamnati. Bishop Teodor Kubina na Częstochowa shi ne ya fito fili ya ce ƙazafin jinin ƙarya ne.

Me ya biyo baya?

An yanke wa mutum 9 hukuncin kisa cikin gaggawa, aka zartar a watan nan. Cikin watanni uku dubun-dubatar Yahudawa suka bar Poland ta Czechoslovakia zuwa sansanonin 'yan gudun hijira a Jamus da Austriya, da yawansu kuma daga can suka nufi Falasɗinu.