Filayen wasan da Amurkawa ke ji da su: amsa guda, kowa ya huta

Tambayoyin nan kusan iri ɗaya ne, masu yin su ne kawai ke canzawa. Na tattara su wuri ɗaya. Wanda ya sake aiko mini da ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Wane fili ne ya fi girma a Amurka?

Michigan Stadium, a garin Ann Arbor. Yana cin mutum 107,601. An buɗe shi a 1927, kuma na jami'a ne.

Jami'a fa ka ce?

Jami'a na ce. Filayen Amurka masu kujeru sama da dubu ɗari duk na jami'o'i ne, inda ɗalibai ke buga zari-ruga irin tasu ranar Asabar. In kana neman abin da ya shafe ka, a nan ne Manchester United ta ci Real Madrid 3-1 a wasan sada zumunta na 2014, gaban mutum 109,318.

To shi ne ya fi daraja ke nan?

A nan kuke ɓata mini rai. Kun ɗauka girma shi ne daraja. Ka tsayar da Ba'amurke mai son wasa ka ce ya lissafa maka filayen da yake son ya taka kafin ya mutu, da wuya ya kai na uku bai ambaci Fenway Park ba, filin da ko mutum dubu arba'in ba ya ci.

Fenway yana Boston, gidan ƙungiyar besbol ta Red Sox, an buɗe shi ranar 20 ga Afrilu 1912, kuma babu wanda ya girme shi a babbar gasar besbol. An matse shi ne tsakanin titunan unguwa, shi ya sa ya fito a karkace. Ɓangaren hagu ya yi gajarta, sai aka tayar da katanga mai tsayin ƙafa 37, wajen mita 11. Ita ce suke kira Koren Dodo. A gindinta akwai allon sakamako wanda har yau da hannu ake canza lambobinsa, mutane ne ke zaune a cikin katangar suna leƙe ta 'yan ramuka suna sauya faranti. Can ɓangaren dama kuma, cikin tarin kujeru kore, akwai guda ɗaya ja. Nan ne ƙwallon da Ted Williams, ɗan wasan Red Sox, ya buga ta sauka a 1946, tazarar ƙafa 502. Uba yakan kai ɗansa ya nuna masa kujerar nan, shi ma ubansa ne ya nuna masa. Magoya bayan Red Sox sun yi zaman jiran kofi daga 1918 har 2004, suna zuwa filin nan ana ba su haushi suna dawowa. Masu Liverpool kuma su sani, kamfanin da ya sayi ƙungiyarku a 2010 shi ne mai Red Sox, sunan wannan filin ma yake ɗauke da shi.

Ɗan'uwansa shi ne Wrigley Field na Shikago, na 1914, gidan Cubs. Katangarsa ta bulo ce, an shuka mata ciyawa mai yaɗo a 1937. Ƙwallo takan shige cikin ganyen ta ɓace, ɗan wasa ya ɗaga hannu sama, alƙali ya tsayar da wasa. Ba a sa wa filin fitilu ba sai 1988, kafin nan duk wasa da rana ake yi. Gidajen da ke tsallaken titi sun dasa kujeru a kan rufinsu suna sayar da tikiti. Su kuma Cubs shekara 108 suka yi babu kofi, daga 1908 zuwa 2016.

Amma filin SoFi na yankin Los Angeles ya fi su kyau nesa ba kusa ba.

Ya fi su kyau, ya fi su tsada, wajen dala biliyan biyar ya ci, kuma Stan Kroenke mai Arsenal ne ya gina shi. A 2020 aka buɗe shi. Yaron da aka haifa ranar bai isa ya ba wa kowa labarin "zamaninmu" ba. Ka ba shi shekara hamsin mu sake magana.

Wanne ne wanda ake nunawa mutane na kallo cikin dusar ƙanƙara?

Yawanci Lambeau Field ne, a Green Bay, jihar Wisconsin. Ni a wurina shi ne ya fi kowanne ban mamaki. Garin mutum dubu ɗari da 'yan kai ne, filin kuma yana cin sama da dubu 80. Packers, ƙungiyar zari-ruga da ke wasa a nan, ba ta da attajiri mai ita, mutane sama da rabin miliyan ne ke da hannun jari, kuma babu ribar da ake raba musu, takarda ce kawai ta ratayewa a bango. Tun 1960 tikitin kakar wasa yake ƙarewa, jerin masu jira ya haura suna dubu ɗari, har iyaye kan rubuta sunan jariri ko Allah zai sa ya samu kafin ya yi furfura. Mafi yawan wurin zaman ma bencin ƙarfe ne mara majingini.

Ranar 31 ga Disamba 1967 Packers ta kara da Dallas Cowboys cikin sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifili. Na'urar ɗumama ƙasar filin ta gaza, ƙasa ta daskare, usur ya manne wa alƙalin wasa a leɓe. Packers ta ci 21-17. Mutanen garin alfahari suke yi da wannan wahala. In dusar ƙanƙara ta rufe bencina kafin wasa, ƙungiya ta sha kiran jama'a su zo da ƙarfinsu a ba su shebur, kuma har layi aka riƙa yi.

A wane fili na Atlanta mu 'yan Najeriya muka ci zinaren ƙwallon ƙafa a gasar Olympics ta 1996?

Ba a Atlanta ba ne. Sau nawa zan faɗa? Sanford Stadium ne, a garin Athens na jihar Jojiya, tafiyar sama da awa ɗaya daga Atlanta, filin Jami'ar Jojiya. A nan Kanu ya ci Brazil biyu aka tashi 4-3, a nan aka doke Ajantina 3-2 ranar 3 ga Agusta. Babayaro da Amokachi da suka ci ƙwallo a wasan ƙarshe haihuwar Kaduna ne, haka Tijjani Babangida da Garba Lawal da ke cikin tawagar.

Mutanen Jojiya kuwa wani abu daban suke tunawa. Filin yana da shingen shuke-shuke da ya kewaye shi tun 1929, suna ji da shi ƙwarai, kuma sai da aka tumɓuke shi domin filin ƙwallon ƙafa ya fi nasu faɗi. Daga baya aka sake dasawa daga rassan na asali.

Tun da an zo nan: ragar da Rashidi Yekini ya riƙe yana ihu a kofin duniya na 1994, bayan ya ci Bulgeriya, a Cotton Bowl na Dallas take, kuma filin yana nan. Wanda Italiya ta fitar da mu a cikinsa, Foxboro, an rushe shi a 2002. Ban yi kewarsa ba. Rose Bowl na Pasadena, inda Baggio ya ɗaga fenareti sama Brazil ta ɗauki kofi, shi yana cikin jerin Amurkawa, amma saboda wasan jami'o'i na sabuwar shekara da aka fara yi a cikinsa tun 1923.

Ina ne wanda ake dambe?

Madison Square Garden, a tsakiyar New York, a kan tashar jirgin ƙasa ta Penn. Rufaffen zaure ne, kusan mutum dubu 20. Ginin yanzu na 1968 ne. Ali da Frazier sun yi karonsu na farko a nan ranar 8 ga Maris 1971. A nan Andy Ruiz ya kayar da Anthony Joshua a 2019, kar ka ce ban tuna maka ba. Shi ne kuma gidan Knicks na ƙwallon kwando.

In na samu dama sau ɗaya tak, wanne zan je, kuma yaya ake samun tikiti?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama, kuma ba ta da amsa guda. Fara da wata. Besbol daga ƙarshen Maris ko farkon Afrilu ne zuwa ƙarshen Satumba, sai wasannin neman kofi a Oktoba. Zari-ruga ta ƙwararru daga Satumba zuwa farkon Janairu, ta jami'o'i kuma Satumba zuwa Nuwamba. Kwando daga Oktoba zuwa Afrilu. In tafiyarka ta faɗo a Yuli, ka manta da Lambeau da Michigan, sai dai ka je ka kalli bencina.

Sannan lissafin yawan wasanni. Ƙungiyar besbol tana buga wasa 81 a gida kowace kaka, ta zari-ruga takwas ko tara. Shi ya sa nake cewa mafi yawan mutane su nufi Fenway ko Wrigley. Tikiti ya fi samuwa, musamman a tsakiyar mako, kuma duka biyun jirgin ƙasa na cikin gari yana ajiye ka kusa da ƙofa. Sai dai in Yankees na New York, manyan abokan hamayyar Red Sox, ne suka zo Boston, to nan farashi kan haukace. Kuma a tsofaffin filayen nan akwai ginshiƙan ƙarfe masu riƙe da bene na sama, wasu kujerun a bayansu suke. In ka ga tikiti ya yi arha fiye da na maƙwabtansa, ka karanta bayanin da ke ƙasansa da kyau, galibi suna rubuta cewa akwai abin da ke tare gani. Ba su da rufi kuma, ruwan sama yakan sa a jinkirta wasa ko a ɗage shi, don haka kada ka bar shi sai daren da za ka taso.

Amma fa in ba ka san dokokin besbol ba, mai yiwuwa ka yi hamma. Wasa ne mai natsuwa, ana hira ana cin gyaɗa. In hayaniya kake so, zari-ruga ta jami'a ta fi dacewa da kai, da 'yan badujala da ɗalibai a tsaye tun farko har ƙarshe. Matsalar ita ce garuruwan ƙanana ne, masauki yakan cika tun da wuri a ƙarshen makon da ake wasa. Green Bay ma haka, tafiyar sama da awa uku ce a mota daga Shikago, kuma tikitin sai dai daga hannun masu na kaka da suke sake sayarwa. In za ka je a Disamba, rigar sanyin da kake sawa da hunturu ba za ta yi maka komai ba, ka sayi kayan can.

Tikiti yanzu kusan duk a waya yake. Ka saya daga shafin ƙungiyar ko kasuwar sake sayarwa da gasar ta amince da ita, ka sauke shi a wayarka tun kana masauki. Wanda ya tare ka a bakin titi da takarda a hannu, ka yi masa sallama ka wuce. Filaye da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati, ka tabbatar naka yana aiki a waje kafin ka tashi. A wasannin NFL kuma, wato gasar zari-ruga ta ƙwararru, ba a shiga da jakar baya, sai ƙaramar jaka ta roba wadda ake ganin abin da ke ciki. Hajiya, wannan har da babbar jakarki ta hannu. Dokokin sukan bambanta daga fili zuwa fili, ka duba na wanda za ka je.

In duk wannan ya gagara, kada ka damu. Fenway da Wrigley da Lambeau da Madison Square Garden duk suna da zagayen baƙi da ɗan jagora, kuɗinsa bai kai na tikitin babban wasa ba, kuma za a kai ka wuraren da mai tikiti ba ya shiga.

Zan iya haɗa Fenway da Rose Bowl a ƙarshen mako ɗaya?

Ka duba taswira. Wajen awa shida ce a jirgin sama. Boston da New York dai, kusan awa huɗu a jirgin ƙasa, wannan mai yiwuwa ne.

Abinci fa? Na ji ana shan giya sosai.

Ana sha, kuma babu mai tilasta maka. Tsiran da ake sawa cikin burodi wani na naman sa ne zalla, wani da alade a ciki, ka tambaya kafin ka miƙa kati. In ba ka gamsu ba, ga gyaɗa, ga gugguru, ga soyayyen dankali. Ba za ka mutu da yunwa cikin awa uku ba.

Ina da hular Yankees, ina son ganin inda tsohon gwarzonsu Babe Ruth ya yi wasa.

An rushe shi. Tsohon Yankee Stadium ya yi aiki daga 1923 zuwa 2008, na yanzu a tsallaken titi yake, an buɗe shi a 2009. Inda tsohon yake filin wasan jama'a ne yanzu. Hular kuma ka bar ta a akwati ranar da za ka Fenway.

MetLife na New York fa, wanda aka zaɓa domin wasan ƙarshe na kofin duniya na 2026?

A New Jersey yake. Mutum 82,500, an buɗe shi a 2010, kuma a nan Chelsea ta ci PSG 3-0 a 2025. Babba ne, yana aikinsa. Ban taɓa jin wanda ya yi tattaki don ya gan shi ranar da babu wasa ba.